Tambaya da Amsa: Neman Kwangilar Gwamnati ta Intanet da Rabon Masu Ƙaramin Ƙarfi

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karo sun zo ne daga mata 'yan kasuwa, matasa da masu buƙata ta musamman, kan yadda gwamnatoci ke mayar da harkar ba da kwangila kan intanet. Mun zaɓi wasu daga ciki. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka inda muka ambaci adadi mun faɗi ƙasar da ake aiki da shi.

Assalamu alaikum. Muna da ƙungiyar mata masu ɗinki mai rajista. Ana cewa yanzu ta intanet ake neman kwangila, ba sai kana da wani a sama ba. Da gaske ne, ko kuwa daɗin baki ne?

Wa alaikumus salam, Malama. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Abin da tsarin yake yi shi ne ya tattara matakan sayen kaya da ba da aiki a shafi guda: sanarwar kwangila, sauke takardun sharuɗɗa, yin tambaya a kansu, miƙa tayi, buɗe tayi, da bayyana wanda ya yi nasara. Koriya ta Kudu ta fara nata, KONEPS, a 2002. Chile ta buɗe ChileCompra a 2003. Indiya ta kafa kasuwar GeM a 2016, a shekarar ce kuma Yukren ta wajabta ProZorro, inda bayan an kammala kowa yake iya ganin takardun da kowane mai tayi ya miƙa da farashinsa.

Ƙofofi uku na maguɗi ne wannan ya toshe. A da ana iya buga sanarwa a wani lungu na jarida, ko a ce takardun sharuɗɗa sun ƙare idan baƙuwar fuska ta zo saya. Ana iya karɓar ambulan wani bayan wa'adi ya wuce. Ana kuma iya leƙa farashinki a tsegunta wa ɗan gida ya rage nasa. A shafi mai inganci tayi yana kulle ne da mabuɗin sirri har zuwa sa'ar buɗewa, kuma duk wanda ya taɓa wani abu na'ura tana rubuta sunansa da lokacin.

Abin da na'ura ba ta hanawa shi ne a ɗinka sharuɗɗa daidai jikin mutum ɗaya. Idan aka rubuta cewa sai wanda ya taɓa yin irin wannan aiki sau biyar da gwamnati, ko wanda cinikinsa na shekara ya ninka kuɗin kwangilar sau goma, an riga an fitar da ƙungiyarku tun kafin ku kunna kwamfuta. Mutane ne kuma suke tantance tayi, mutane ne suke sa hannu a takardar biya. Don haka ku shiga da ƙwarin gwiwa, amma ku riƙa karanta sharuɗɗan cancanta kafin komai.

Na ji ana ware wa mata, matasa da masu naƙasa wani kaso. Yaya ake shiga ciki, kuma in an shiga kwangila ta tabbata ke nan?

Ba ta tabbata ba, Malam. Abin da aka ba ka shi ne damar gasa a fili mai sauƙi. Hanyoyin da ake bi iri uku ne, kuma ya kamata ka san wacce ce a takardar da ke gabanka.

Akwai keɓewa, wato a ce wannan kwangila ba mai shiga sai 'yan rukunin. Kenya ta fara shirinta na AGPO a 2013, dokarta ta 2015 ta ƙarfafa shi: kashi 30 cikin 100 na sayayyar kowace hukuma na mata ne, matasa da masu naƙasa. Tarayyar Turai a dokarta ta 2014 ta yarda a keɓe kwangila ga wuraren aikin da aƙalla kashi 30 cikin 100 na ma'aikatansu masu naƙasa ne ko marasa galihu. Akwai kuma buri na shekara: Amurka tana son kashi 23 na kuɗin kwangilolin tarayya ya je ga ƙananan kamfanoni, kashi 5 ga na mata. Indiya ta sa kashi 25 ga ƙananan masana'antu, a ciki kashi 3 na mata ne, kashi 4 na al'ummomin da aka daɗe ana dannewa.

Ta uku ita ce fifikon maki, kuma ita ce mutane suka fi kuskuren fahimta. A tsarin Afirka ta Kudu da ake kira 80/20, farashi yana da maki 80, fifiko, wato makin da ake ba 'yan rukunin da ake son tallafa wa, yana da 20. Mafi arha yana kwashe 80 cif, kowa kuma ana rage masa gwargwadon yadda ya ɗara shi tsada. A ce mafi arha ya sa rand 100,000 yana da makin fifiko 8, jimlarsa 88. Kai ka sa 110,000, wato ka ɗara shi da kashi 10, makin farashinka ya zama 72. Idan kana da 20 na fifiko ka tashi da 92, ka ci. Amma da 130,000 ka sa, makinka 56 ne, da 20 ya zama 76, ka faɗi. Fifiko yana cike giɓi kaɗan ne kawai.

Wajen shiga, rajista biyu ce ba ɗaya ba. Ta farko ita ce ta zama mai tayi a shafin: takardar rajistar kamfani ko ƙungiya, lambar haraji, shaidar biyan haraji, asusun banki da sunan kamfani, da katin shaidar masu shi. Ta biyu ita ce shaidar cewa kana cikin rukunin. A nan ana duba mallaka da shugabanci tare. Kenya tana neman aƙalla kashi 70 na mambobi su kasance 'yan rukunin, shugabanci kuma gaba ɗaya a hannunsu. Amurka tana neman mace ta mallaki aƙalla kashi 51, kuma ita ce ke tafiyar da harkar yau da gobe. Mai naƙasa yawanci sai ya kawo katin hukumar da ke kula da su. Waɗannan takardu suna da wa'adi. Rajistar SAM, shafin masu neman kwangilar gwamnatin tarayyar Amurka, alal misali, duk shekara ake sabunta ta. Wani abin da ake sakaci da shi: lokacin rajista ana zaɓen rukunin kayan da kake sayarwa, kuma da wannan ne shafin ke aiko maka da sanarwa. Mai ɗinki da ta zaɓi "tufafi" kaɗai ba za ta ga sanarwar labule ko zanen gadon asibiti ba.

Sau uku ina miƙa tayi, a biyu ni ne mafi arha, amma sai in ga an rubuta wai ban cika sharuɗɗa ba. Anya ba zalunci ba ne?

Yana iya zama zalunci, ɗan'uwa, amma kafin ka yanke hukunci ka san yadda ake tantancewa. Mataki uku ne a jere, kuma wanda ya faɗi a na farko ba a ma duba farashinsa. Na farko duba takardu ne, e ko a'a, babu maki babu sassauci. Na biyu duba ƙwarewa da ingancin kaya, galibi da makin da dole a kai, kamar 70 cikin 100. Na uku ne farashi. Akasarin ƙananan 'yan kasuwa a matakin farko suke zubewa, kuma kan abubuwan da ba su taka kara sun karya ba.

Takardar haraji da wa'adinta ya ƙare kwana biyu kafin ranar rufewa ta kashe tayi, ko da ta yi aiki ranar da ka loda ta. Sunan da ke kan rajistar kamfani dole ya zo daidai da na banki da na haraji, harafi da harafi. Fom ɗin tayi da ba a sa wa hannu ba, ko wanda ya sa hannun ba shi da takardar izini daga kamfani, shi ma ya faɗi. Akwai wa'adin tsayuwar tayi: in an ce farashinka ya tsaya kwana 120 kai kuma ka rubuta 90, an gama. Lamunin banki kuwa, wato takardar da banki ke tsaya wa tayinka da ita, yawanci dole ya zarce wa'adin tayin da kwana 28 ko 30, abin da ma'aikacin banki ba zai tuna maka ba in ba ka faɗa masa ba.

Sai kuskuren da intanet ta haifar. Shafuka da yawa suna da maɓalli biyu, na adanawa da na miƙawa. Mutum ya loda komai ya danna na adanawa, ya tafi da zaton ya gama, alhali tayinsa yana nan a matsayin daftari. Idan ba ka samu rasit mai lamba da lokaci ba, ba ka miƙa ba. Kowane shafi yana da iyakar girman fayil. Takarda mai shafi 60 da aka ɗauka da kyamarar waya tana iya wuce iyakar, in kuma aka matse ta fiye da kima hatimi da kwanan wata su dushe, mai tantancewa ya rubuta cewa ba ta karantuwa. Inda ake miƙa tayin ƙwarewa daban da na kuɗi, farashi ɗaya da ya ɓulla a cikin fayil na ƙwarewa ya isa a soke ka. Haka nan gyara: hukuma tana iya canza adadin kaya ko fom bayan ta fitar da sanarwa, ta ɗora gyaran a shafi. Wanda ya sauke takardu a makon farko bai sake leƙawa ba, tsohon fom zai cike.

Agogon da ake aiki da shi na shafin ne, ba na wayarka ba, kuma a sa'ar ƙarshe kowa yana lodi, shafin yana nauyi. Muna ba da shawarar a miƙa kwana biyu kafin rufewa. Yawancin shafuka suna barin ka janye ka gyara ka sake miƙawa kafin wa'adi, kuma ba mai ganin farashinka, don haka jira ba shi da wata riba. Idan ana buƙatar sa hannu na lantarki, nemi shi makonni kafin lokaci, domin wata hukuma ce daban take bayarwa, shi ma yana ƙarewa.

Yanzu abin yi kan tayin nan biyu da ka ce kai ne mafi arha. Ka rubuta ta cikin shafin ka nemi dalili a rubuce, sashe da sashe. Haƙƙinka ne a kusan kowace doka. Akwai ɗan lokaci tsakanin bayyana wanda ya ci da sa hannu a yarjejeniya, an tanade shi ne don ƙorafi: aƙalla kwana 10 a Tarayyar Turai in ta lantarki aka sanar, kwana 14 a Kenya. Ya wuce, da wuya a saurare ka. Idan kuwa shafin ne ya tsaya kana cikin lodi, ɗauki hoton allon da lokacin yana fitowa, ka aika wa sashen taimako nan take ka karɓi lambar ƙorafi. Wannan lambar ce hujjarka ta neman a ƙara wa'adi.

Ni makaho ne, ina sayar da kayan ofis, ina amfani da manhajar da ke karanta min allo. Shafin yana tsayar da ni a wurin da ake cewa a kwafi haruffan da ke cikin hoto. Dole sai na ba wani kalmar sirrina?

Malam, wannan laifin shafin ne, kuma ya dace a faɗa musu haka ƙarara. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa, a sashe na 9, ta ɗora wa ƙasashen da suka amince da ita nauyin sauƙaƙa samun bayanai da fasahar sadarwa, akwai kuma ma'aunin WCAG, na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, wanda masu gina shafi suka sani. A ware wa mutum kaso sannan a gina ƙofar da ba zai iya bi ba, aikin banza ke nan.

Matsaloli uku ne suka fi damun masu amfani da manhajar karanta allo irin NVDA ko JAWS: wannan gwajin haruffa idan ba shi da zaɓin sauti, takardun sharuɗɗa da aka ɗora a matsayin hoto maimakon rubutu, da shafin da ke fitar da mutum bayan 'yan mintuna kafin ya gama cike fom. Ka nemi takardun a fayil na rubutu ta hanyar sashen tambayoyi, domin amsar ta zama a rubuce. Teburin farashi kuma ka shirya shi a waje tukuna, sannan ka kwafa.

Kalmar sirri kada ka bayar. Shafuka da dama suna barin mai asusu ya ƙara mataimaki da nasa mashigin, mai ikon loda takardu amma ba miƙa tayi ko canza asusun banki ba. In babu wannan, mataimakin ya zauna kusa da kai, kai ka shigar da kalmar, lambar tabbatarwa kuma ta riƙa zuwa wayarka. Wannan gargaɗi ya shafi duk wanda ke zuwa shagon intanet a yi masa rajista: sau da yawa mai shago imel ɗinsa da lambarsa yake sawa, daga nan duk sanarwa da gyara wurinsa suke zuwa.

An kira ni an ce na ci kwangila, in tura kuɗi a fitar min da takardar amincewa.

Damfara ce, kada ki tura ko sisi. 'Yan damfara suna kwasar sunaye daga jerin masu rajista. Sakamakon gaske yana fitowa a cikin asusunki na shafin, kuma duk kuɗin da doka ta sa ana biyansa ne a asusun hukuma da rasit, ba a asusun mutum ba. Ba a kuma cin kwangilar da ba a nema ba.

Wani attajiri ya ce zai yi amfani da takardun kamfanina na mata ya nemi kwangila, ya ba ni kashi biyar, ni ba ruwana da aikin. Akwai matsala?

Akwai babba, Hajiya. A idon doka ke ce 'yar kwangila. Harajin kuɗin gaba ɗaya a kanki yake, ba na kashi biyar ba. In ya kawo kaya marasa kyau ko ya bar aiki a rabi, kamfaninki za a dakatar na shekaru, kuma a tsarin intanet dakatarwar tana bayyana ga dukkan hukumomi lokaci guda. Afirka ta Kudu ta mayar da aron suna laifi tun gyaran dokarta na 2013, hukuncinsa yana kai wa ɗaurin shekara 10. Gano shi ma ya yi sauƙi yanzu: kamfanoni biyar da suka miƙa tayi daga kwamfuta ɗaya, ko kuɗin da ya shiga asusunki ya fita gaba ɗaya washegari, duk alamu ne da mai bincike ke gani. Ban da wannan, kowace kwangila da aka ci ta haka an ƙwace ta ne daga wata mace da ke da niyyar yin aikin da hannunta.

In da gaske yake son aiki da ke, akwai hanyar halal: haɗin gwiwa a rubuce, wanda aka bayyana a cikin tayi, da rabon aiki da na riba a fili, da asusun da ba a cire kuɗi sai da sa hannunki. Ki duba ko sharuɗɗan sun yarda da haɗin gwiwa a kwangilar da aka keɓe, don wasu ba sa yarda.

Na ci kwangila, na kai kaya, wata biyar ba a biya ni ba, banki kuma yana ta ƙirga ruwa.

Wannan ita ce cutar da ta fi kashe ƙananan 'yan kwangila, ta fi rashin samun aikin ma. Yi lissafi da kowane irin kuɗi: aiki na miliyan 10, ka kashe miliyan 9 da ka ranto a kan ruwa kashi 3 a wata. Duk wata 270,000 ke nan. A wata huɗu ruwan ya kai 1,080,000, ribar ta tafi, ba a ma cire harajin da ake zarewa tun daga tushe ba. Shi ya sa ake sa tsadar jira a cikin farashi tun farko, ake kuma duba tarihin biyan hukuma kafin a nemi aikinta.

Dokoki da yawa sun yanka wa'adi: kwana 30 a Tarayyar Turai, Amurka da Afirka ta Kudu, kwana 45 ga ƙananan masana'antu a Indiya, wasu har da ruwan jinkiri. Sai dai ƙirgen yana farawa ne daga ranar da aka karɓi cikakkiyar takardar neman biya. Ka tabbatar kana da takardar odar aiki mai lamba, takardar kai kaya da ma'ajin hukuma ya sa wa hannu da kwanan wata, shaidar kwamitin duba kaya, da takardar neman biya da adadinta ya yi daidai da odar. In ɗaya ta ɓace, fayil yana kwance ba wanda zai kira ka. Ka bi sawu a rubuce, ka ambaci sashen biya na yarjejeniyar, sannan ka kai ƙara ga hukumar da ke sa ido kan sayayya. Nan gaba kada ka kai ko ƙwaya ɗaya a kan umarnin baki, kuma ka tambayi ko akwai kuɗin kafin alƙalami, ka tuna shi ma galibi sai da lamunin banki.

Ni jami'in sayayya ne. Mun keɓe kwangiloli, amma masu nema ba sa zuwa, waɗanda suka zo kuma suna faɗuwa. Me muke yi ba daidai ba?

Yallaɓai, fara da girman kwangilar. Idan kayan makarantu 200 aka ɗaure a dunƙule ɗaya, keɓewar suna ce kawai. A raba gida-gida bisa yanki ko nau'in kaya, a kuma iyakance yawan da mutum ɗaya zai iya ci. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ce hukumar da ba ta raba ba ta faɗi dalili, ta kuma hana neman cinikin shekara da ya wuce ninki biyu na kuɗin kwangilar sai da hujja ta musamman.

Sai lamuni. Jinginar tayi ta kashi 1 ko 2 ba komai ba ce ga babban kamfani, amma banki yakan riƙe wa ƙarami tsabar kuɗinsa kafin ya ba shi takardar. Kenya ta maye gurbinta a kwangilolin da aka keɓe da takardar alƙawari: in ka ci ka gudu, a dakatar da kai. Indiya ta yafe wa ƙananan masana'antu wannan jingina. Takardun shaida kuma ba dole kowa ya loda su ba. A karɓi furucin cancanta daga kowa, a nemi ainihin takardu daga wanda ya yi nasara kaɗai, a ba da kwana biyu ko uku na gyara kuskuren da bai taɓa farashi ko inganci ba, in dokarku ta yarda. Ƙwarewar da aka samu wajen yi wa 'yan kasuwa aiki a ƙirga ta, don wanda bai taɓa yi wa gwamnati ba ta nan kaɗai zai fara.

Ku wallafa jadawalin sayayyar shekara tun farkonta da alamar waɗanda aka keɓe, ku gwada shafin a waya mai arha da sabis mai rauni, ku kuma daina keɓe share-share da kayan rubutu kaɗai alhali gini da kayan fasaha suna wurin manya. Rahoton da za ku riƙa fitarwa ya nuna abu huɗu ga kowane rukuni daban: nawa suka nema, nawa suka faɗi kuma a wane mataki, nawa ne kuɗin abin da suka ci, da kwana nawa aka ɗauka kafin a biya su. Shafin yana da waɗannan alƙaluma tuni, cirowa kawai za a yi.